Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Kwarkwaron Fatsa, Babba Ko Ƙarami?

MAI GABATARWA: Toh jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, mun dawo daga talla ga mu a filin amsoshin tambayoyinku. Yau wasiƙu da saƙonnin waya sun taru sun yi tsibi a gabana, kuma kusan duk kan abu ɗaya suka dosa, wato tsohon kwarkwaron nan na naɗe zaren fatsa da Turawa ke yi, santafin, wanda muka ɗan taɓo makon jiya muna hirar su, ashe akwai masu shi a gidaje ba su san kansa ba, wani ya gada wani ya tsinta a kayan gwanjo wani kuma hannun 'yan gwangwan ya ƙwato shi. Tare da ni akwai Baba, dattijon masunci daga bakin kogin Wudil, sai kuma mai gyaran keken ɗinki da agogo da kowa ke ce wa Injiniya, ya zo mana da guda uku ya jera a kan teburi. Baba barka da zuwa, ya hanya?

BABA: Alhamdulillahi ɗan nan, hanya lafiya lau, sai dai kuɗin mota.

MAI GABATARWA: Wannan Baba ba filinsa ba ne, sai wani jiƙon. Injiniya sannu da zuwa. Mu fara da wani bawan Allah daga Gaya, ya ce ya samu ɗaya a akwatin marigayi mahaifinsa wanda ya yi wa wani Bature aikin kuku, ya buɗe shi ya tarar babu giya babu komai a ciki sai wani ƙarfe guda a tsakiya, shin an sace kayan cikin ne?

INJINIYA: A'a ba a saci komai ba, haka aka haife shi. Faranti ne a baya, da ƙusa guda ɗaya mai santsi a tsakiyarsa, sai gangar da zare ke naɗuwa a kai tana zaune a kan ƙusar tana juyawa, shi ke nan. Ka juya hannu sau ɗaya ganga ta juya sau ɗaya. Ba shi da birki, birkinsa babban yatsanka ne da kake ɗorawa a bakin gangar. Abin da kawai za ka gani bayan wannan shi ne wani ɗan makunni da ɗan sifirin, in ka kunna ya riƙa ƙara kar-kar-kar, wannan don kada ganga ta warware ne in kana tafiya ko ka ajiye sanda, ba don faɗa da kifi aka yi shi ba. Asalin abin daga Ingila ne, mutanen Nottingham da ke su a kogin Trent su suka shahara da shi tun yana na katako...

MAI GABATARWA: Nottingham ɗin nan dai ta 'yan ƙwallo?

INJINIYA: Ita fa. Kafin ƙwallo ta yi musu suna su ya yi musu. Sannan a 1896 wani kamfani mai suna Allcock a garin Redditch, garin da dama an san shi da ƙera allura da ƙugiya, ya fito da wanda ake kira Aerial, aka yi masa sifok irin na tayar keke don ya yi sauƙi, wani mai suna Henry Coxon ne ya kawo dabarar. Kaga wannan na hannuna na dama, irinsa ne. Sannan akwai na kamfanin J.W. Young shi ma a Redditch, su Rapidex da Trudex, waɗannan bayan yaƙin duniya na biyu suka yawaita, sannan akwai Speedia da ake yi a Landan, shi kuma...

MAI GABATARWA: Injiniya a tsaya nan, kar mu kwana a Ingila. Mutumin Gaya ka ji, naka lafiyarsa ƙalau. Wani daga Kafin Hausa ya ce shi bahago ne, zai iya amfani da shi?

INJINIYA: Zai iya, ya warware zaren ya naɗa ta ɗaya ɓangaren, in akwai ɗan kejin da zare ke bi ta ciki sai a duba ko yana juyuwa.

MAI GABATARWA: An gama da kai bahago. Yanzu ga tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma zan ba ta lokaci domin daga Ringim ta zo, daga Bunkure ta zo, daga Haɗeja, daga Ƙaraye, har da wani malamin makaranta daga Ɓagwai da ya cika shafi biyu. Duk magana ɗaya ce: akwai ƙarami akwai babba, wanne ya fi, kuma wanne ya dace da ruwanmu? Na Ƙaraye ma cewa ya yi shi ya sayi mafi girma da ya gani don kar a raina shi, amma ya je dam ya wuni abin ya ƙi yi masa komai. Baba bari mu fara da kai.

BABA: Toh ɗan nan, ai shi wannan na Ƙaraye ba girman ne ya cuce shi ba, ruwan ne. Ya je ya zauna a bakin dam ɗin Challawa, ruwa kwance ba ya motsi, to wa zai ja masa zaren? Ni fa da koma da taru da birgi na tashi, mamari na gada wajen ubana, wannan abin da girmana na san shi, amma ruwa kam na san shi. Da can kafin a datse Tiga a 1974 zamanin Audu Baƙo, kogin nan namu da damina yake hauka, da rani kuwa ya zama rairayi sai 'yan gurabe, a nan muke taruwa da gora da koma a yi su na gayya, ka ga tarwaɗa ta maƙale a taɓo, gaiwa kuwa sai ka tona ƙasa ka same ta tana barci. Da aka yi Tiga, aka zo aka yi Challawa a 1992, sai ruwa ya koma hannun ma'aikata, su buɗe su rufe, ambaliyar da kifi ke bi ya shiga fadama ya yi ƙwai ta ragu, can ƙasa wajen su Guri da Kirikasamma kuma kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, in ka ga yadda...

MAI GABATARWA: Baba Allah ya ƙara lafiya, maganar girman kwarkwaro.

BABA: Ai can na nufa, kai ne mai gaggawa. Abin da nake so in ce shi ne yanzu da rani ma akwai ruwa mai tafiya a hankali, ba hauka ba kwanciya, daga Tamburawa inda na Kano da na Challawa suka haɗu har Wudil har Ringim, ga kuma manyan kanal na wajen Kura da Kadawa da Bunkure. Wannan abin don irin wannan ruwan aka yi shi. Ka sa tana a ƙugiya, ka ɗaura 'yar dalma, ka sa kara ko guntun silifa a sama ya riƙa shawagi, ka sauke a gabanka, ruwa da kansa zai ja zaren yana warwarewa, tanar tana tafiya tare da ruwa yadda kifi ya saba ganin abinci na zuwa masa. Ba ya zargin komai. Kai kuma yatsanka na bakin ganga kana ɗan taɓawa. Kara ya nutse, ka danne ka ɗaga sanda. To mai zaman dam ya nemi wani abin, ko kuma ya haƙura ya yi su a gindin ƙafarsa kusa da ciyawa, wannan kam zai yi.

MAI GABATARWA: Bari in maimaita wa wanda ya kunna rediyo yanzu: ruwa mai tafiya, shi ne abincin wannan kwarkwaro. In ruwan kwance ne to kusa da gaɓa kawai. Injiniya, girman fa?

INJINIYA: Yauwa. Da inci ake auna su, daga baki zuwa baki. Ga wannan ɗan ƙaramin inci 3 ne, na tsakiya inci 4, babban 4 da rabi, akwai kuma 3 da rabi a tsakani. Lissafin mai sauƙi ne, tunda ba giya, duk juyi ɗaya zaren da zai shigo daidai yake da kewayen gangar. In wurin da zare ke kwanciya faɗinsa inci 3 ne, juyi ɗaya zai kawo maka kamar santimita 24. In inci 4 ne kamar santimita 32. In 4 da rabi ne kamar 36. To ka ce ruwa ya tafi maka da kara har mita 30, kana so ka dawo da shi, da ƙaramin sai ka juya wajen sau 125, da na tsakiya wajen 94, da babban kuwa 83 da 'yan kai. Kuma ka sani inda zare ke kwanciya ya ɗan fi bakin ƙanƙanta, saboda haka a zahiri juyin ya ɗan fi haka yawa. Yanzu ka lissafa mutum ya wuni yana sakewa yana dawowa, da ƙaramin kafin la'asar wuyan hannunsa ya gaya masa.

MAI GABATARWA: Ashe dai babban ya fi kenan, na Ƙaraye ya yi gaskiya.

INJINIYA: A'a tsaya mana, ban gama ba. Babba yana da nauyi, kuma abu mai nauyi in ya fara gudu tsayar da shi aiki ne. Ruwa ya ja, ganga ta ɗauki gudu, sai kara ya shiga inda ruwa ya lafa ya rage tafiya, ita kuwa ganga ba ta sani ba tana ta zuba zare, kafin ka farga ya cukurkuɗe. Sannan babba yana da faɗin da iska ke samu, in iskar hunturu na kaɗawa sai ta ɗebi zare ta cusa bayan ganga. Sannan in hannunka ƙarami ne yatsanka ba zai kai bakin gangar cikin daɗi ba kana riƙe da sanda, kuma in yatsa bai kai ba to ba ka da birki. Ƙaramin kuma nasa amfanin, ba nauyi, ya dace da gajeriyar sanda da 'yar ƙorama ko ƙaramin kanal inda ba za ka saki zare ya wuce mita 10 ko 15 ba, illarsa jinkirin dawowa da kuma yadda yake sa lailon ya riƙa murɗewa saboda ƙaramin naɗi. Ni a ra'ayina, ra'ayina ne fa, wanda zai riƙe guda ɗaya tak ya riƙe inci 4. Kogi mai faɗi irin na Wudil ko Ringim inda za ka saki zare da nisa, 4 da rabi. Yaro ko mai koyo ko ƙaramin ruwa, 3 da rabi.

BABA: Kuma a duba kifin da ake nema.

INJINIYA: Ƙwarai kuwa, nan ma akwai magana, domin ban da tsayi akwai faɗin ciki, wata gangar siririya ce wata mai faɗi. Siririyar don siririn zare ce, karfasa, kawara, ƙananan ƙurungu. Mai faɗin ita ke ɗaukar zare mai kauri, ita za ka sa in tarwaɗa kake nema ko ragon ruwa.

BABA: Tarwaɗa ba ta wasa. In babba ce ta ja, kar ka ce za ka riƙe hannun kwarkwaron ka yi ƙarfi da ita, hannun zai dawo da baya ya fasa maka yatsu. Ka sake shi, ka sa tafin hannu ko yatsa a baki kana dannawa a hankali, ta ja ka ba ta, ta tsaya ka karɓa. Daɗin abin kenan ma, ba wani ƙarfe tsakaninka da ita, duk motsin da ta yi a jikinka kake ji. Sai dai ka raba ta da saiwa da kacalla tun da wuri, in ta shiga can sai dai ka yi mata sallama.

MAI GABATARWA: Toh masu tambaya daga Ringim da Bunkure da Haɗeja da Ƙaraye da malam na Ɓagwai, ga shi a dunƙule kuma a rubuta: ƙaramin ruwa ƙaramin kwarkwaro, inci 3 ko 3 da rabi. Kogi mai faɗi 4 da rabi. In guda ɗaya za ka riƙe, inci 4. Siririyar ganga don ƙananan kifi, mai faɗi don tarwaɗa. Na sake faɗa, inci 4 in guda ɗaya ne. Shi kuma na Ƙaraye, yallaɓai kifi bai san girman abin da ka riƙe ba, ka hau mota ka gangaro inda ruwa ke tafiya. Malam na Ɓagwai kuma don Allah gaba a taƙaita, shafi biyu ai sai ka ce takardar koke.

Sai wata da ta biyo bayanta, wani matashi daga Auyo ya ce shi duk sanda ya wurga sai zare ya zama tuwo, ya yanke ya sake har kuɗin lailon ya ishe shi.

INJINIYA: Abu biyu ne. Na farko na tabbata ya cika gangar da zare har baki, don haka kowa ke yi. Ba a cika shi. Siririn lailon in ya yi yawa na sama yana nutsewa cikin na ƙasa, musamman bayan ka ja kifi mai nauyi, sai ka ga ruwa na ja amma zare na fita da gardama. Mita 40 zuwa 50 ya ishe ka na ƙananan kifi, in na tarwaɗa ne ka ɗan ƙara. Na biyu wurgin. Wannan ba a wurga shi yadda ake wurga na zamani. Mai koyo ga abin da zai yi, ka danne ganga da yatsa, da ɗaya hannun ka jawo zare daga tsakanin zoben farko da na biyu na sanda, ka ja shi gefe ya yi maka baka, in kana son nisa ka ƙara jawo wani daga zobe na gaba da wani yatsan, sai ka lilo sanda gaba ka saki. Ganga ba ta juya ba sam, saboda haka ba abin da zai cukurkuɗe. Akwai wani wurgin na gwanaye da ake kira da sunan Wallis, wani masunci na Nottingham, shi kana fizgar zare ganga ta tashi da gudu a daidai lokacin da dalma ke tafiya, sai ka taka mata birki kafin dalma ta taɓa ruwa. Yana da kyan kallo amma fa sai an sha wuya. Ka je fili ka koya da dalma kawai ba ƙugiya.

BABA: Ba ƙugiya fa, a ji da kyau. Kunnen yaran unguwa ba karfasa ba ne.

MAI GABATARWA: Wani tela daga Birnin Kudu, wane mai ake sa masa? Ya ce ya sa giris ya daina juyawa.

INJINIYA: Kai tela, maganin na gabanka kake nema a nesa. Man keken ɗinkinka, ɗigo ɗaya ko biyu a kan ƙusa. Giris ya yi kauri, man gyaɗa da manja kuwa danƙo suke yi su kama ƙura. Ka cire ganga, yawanci akwai ɗan maɓalli a tsakiya da ake turawa gefe, ka wanke ƙusar da ramin da kananzir da tsumma mai laushi, ka bari ya bushe, ka ɗiga mai. Da hunturu duk fita ka goge, domin ƙurar nan da rairayin bakin kogi su ke cinye ƙusa, kuma kar ka taɓa ajiye shi a ƙasa, ka sa shi cikin tsohuwar safa ko hula. Ɗan sukurin da ke tsakiyar fuska kuma kar a ɗaure shi tamau, shi ne ke zaune a kan tsinin ƙusa, a bar wa ganga ɗan wasa kaɗan wanda da kyar za ka ji shi. Shi ya sa ma irin na da ya fi gudu in ka ɗan kwantar da sanda fuskarsa na kallon sama, saɓanin na baya-bayan nan masu boris da ba ruwansu da yadda ka riƙe.

MAI GABATARWA: Shi telan ya ƙara da cewa na abokinsa in an kaɗa yana minti biyu bai tsaya ba, nasa kuwa ko rabin haka.

INJINIYA: Wannan fariya ce kawai, ganga mai nauyi dama ta fi daɗewa tana juyi. Gwajin gaskiya shi ne ka rataya 'yar ƙaramar dalma a bakin zare ka ga ko za ta tayar da shi da kanta. Wanda ya tashi da abu kaɗan shi ne mai kyau.

MAI GABATARWA: Madalla. Ga wata daga Dambatta, wani ya ce nasa na katako ne da tagulla a baya mai fasalin tauraro, ya karkace yana gogar gefe.

INJINIYA: Wannan shi ne tsohon na Nottingham, kuma tagullar nan dama don ta hana katakon karkacewa aka sa ta. Jiƙewa da bushewa a rana ne suka yi masa haka. In kaɗan ne a sa ɗan siririn zoben ƙarfe, wato washa, a gindin ƙusa ya ɗaga gangar, in ya yi yawa gaskiya a rataye shi a ɗaki a huta. In kuma ka ga wani ƙato na katako inci 6 ko 7 ko fiye, wannan na teku ne, ba na kogin Tomas ba.

MAI GABATARWA: Saƙo na gaba, kai wannan da gani ka san tsokana ce, wani mahauci daga kasuwar Wudil ya ce a tambayi Baba, mutum ya sayi sanda ya sayi kwarkwaro ya sayi lailon ya wuni a rana don kifi uku, ba gara ya zo ya sayi tsire ba?

BABA: Ka ce masa na ji. Mu namu naman Allah ke kiwon sa, ba mu taɓa biyan kuɗin dusa ba, kuma ba a taɓa kawo mana kifi a kan baro da dare ana raɗa ba. Amma tunda ya taɓo, bari in faɗi gaskiya ko da abokin wasa ne ya jawo ta, wannan abin ba na ciyar da gida ba ne. Mai iyali da ke jiran kuɗin cefane daga ruwa, kalli da birgi da mali su ne nasa. Wannan na nishaɗi ne da na miya, sai kuma wanda yake so ya san ruwa, don wallahi wanda ya yi wata yana bin kara da ido zai san inda rami yake da inda ruwa ke juyawa fiye da wanda ya shekara yana zuba raga. Kuma ya fi min sau dubu a kan masu zuba gamalin a ruwa da masu ja da gidan sauro suna kwashe 'ya'yan kifi, waɗannan ku ji tsoron Allah, gidan sauron nan don 'ya'yanku aka raba shi, sarakunan ruwa kuma a daina kawar da kai.

MAI GABATARWA: Baba ya hau, a yi haƙuri. Wata baiwar Allah daga Miga, ba ta so a faɗi unguwa, ta ce tunda maigidan ya samo wannan abin ba ya zama a gida, ya fita da asuba sai magariba, ya dawo da karfasa biyu da wani dogon labarin wadda ta kuɓuce. Hajiya wannan ya fi ƙarfin Injiniya. Ni dai shawarata ki gode wa Allah kogi ya nufa ba wani wuri ba, shi kuma maigida a riƙa biyawa ta wajen masu kalli a cika jaka kafin a shiga gida, ba wanda zai tona.

BABA: Za mu sayar masa da rahusa.

MAI GABATARWA: Minti 3 suka rage, mai kula da na'ura na ta ɗaga min hannu. Wani daga Kazaure, wace sanda ake ɗaura shi a kai?

INJINIYA: Doguwa mara nauyi, Turawan ƙafa 12 zuwa 13 suke amfani da ita don su ɗauke zare daga kan ruwa. In babu, siririyar gora miƙaƙƙiya, a yi mata zobba da waya mai santsi, a ɗaure kwarkwaron da robar tib kusa da inda hannu ke kamawa.

MAI GABATARWA: Wani daga Kura ya ce yana shiga ruwa har gwiwa don zaren ya tafi sosai, akwai laifi?

BABA: A kanal kar ka shiga, gefensa santsi ne kuma ruwan ya fi yadda kake gani ƙarfi, ga tsargiya a ruwan wajen nan. A kogi ma in ka ga ruwa ya fara ɗaukar kumfa da kara yana hawa to an saki dam, ka fito.

MAI GABATARWA: Ta ƙarshe, daga Gumel, wani ya ce shi ba masunci ba ne, garinsu ma ba kogi, amma yana da guda ɗaya, ɗan gwangwan ya taya masa a kilo, ya sayar?

INJINIYA: Kar ka kuskura. Alminiyam ɗin da ke jikinsa bai kai kuɗin shayi ba, amma a Ingila akwai masu tara su suna nema da kuɗinsu, musamman in ka ga an rubuta Allcock ko Aerial a baya. Kuma kar ka ce za ka gyara shi ya yi ƙyalli, kar ka sa samfefa kar ka yi fenti, wannan dusashewar da rubutun su ake saye. Ka goge da tsumma, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka sa wani yaro ya duba maka irinsa a intanet kafin ka yi ciniki da kowa. In kuma ka matsu ka kawo min shago.

MAI GABATARWA: Au, ashe da biyu ka zo. Mutumin Gumel ka dai ji, a duba intanet ɗin tukuna kafin a je wajen Injiniya. Sauran wasiƙu, har da ta wanda ya tambayi ko sabulu na kama tarwaɗa da ta mai son sanin lokacin da kawara ke hawa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, Baba ya yi alkawarin dawowa in an biya masa kuɗin mota. A ci gaba da aiko da tambayoyi, a rubuta gari, a taƙaita. Baba mun gode, Injiniya mun gode, a tattara kayan nan labarai na shigowa. Assalamu alaikum.